Gyambon ciki ne ko ciwon daji? Amsoshin tambayoyinku

Tambaya: Likita barka da aiki, mahaifina ya haura shekara 60, wata huɗu kenan yana shan omeprazole saboda olsa, ciwon ya lafa amma sai ramewa yake, loma biyu zai yi ya ce ya ƙoshi. Mu ƙara mishi maganin ne?

Amsa: A'a ɗan'uwa, kar ku ƙara komai, ku kai Baba babban asibiti cikin satin nan. Lafawar ciwon kar ta ruɗe ku, omeprazole yana kwantar da zafin gyambon da daji ya kawo kamar yadda yake kwantar da na olsa, mutum ya ɗauka sauƙi ya samu alhali cutar tana ta ci. Rama, saurin ƙoshi, amai a kai a kai, ƙarancin jini, wahalar haɗiya, balle ga dattijo, duk sai an duba. Ban ce daji ba ne fa, yawancin gyambon ciki ba daji ba ne, amma babu likitan da zai bambance su daga labarin baki.

Tambaya: An zura min tiyo mai kyamara an ga gyambo, an tsinki nama an ce lafiya lau, amma wai in dawo a sake. Ba cin kuɗi ba ne?

Amsa: Ba cin kuɗi ba ne malama. Da kyamarar muna duba bakin gyambon, na lafiya zagayayye ne sumul, na daji kuma bakinsa a kumbure ba tsari, amma ido yana kuskure shi ya sa ake tsinkar nama wuri da yawa a gefensa a kai gwaji. Tsinken ma yana iya tsallake wurin, to bayan sati 8 zuwa 12 ana shan magani sai a sake leƙawa a tabbatar ya rufe. Da a ce a farkon ƙaramin hanji yake da ba sai kin dawo ba, na can da wuya ya zama daji.

Tambaya: Yunwa da yaji ne ke kawo olsa?

Amsa: Suna dai tsokano zafin. Asalin masu kawo shi ƙwayar cutar H. pylori ce da magungunan ciwon jiki irin diclofenac da ibuprofen, waɗanda ake haɗawa a leda a kemis da sunan maganin gajiya. Ita H. pylori ɗin tana cikin masu jawo dajin ciki, a yi maka gwajin bayan gida, in an same ta ka shanye maganin kwana 14 ɗin kaf.

Tambaya: Bayan gidana ya koma baƙi kamar kwalta.

Amsa: In ba maganin ƙarin jini kake sha ba, to mai yiwuwa jini ne ke zuba a ciki. Yau ɗin nan ka tafi asibiti, kar ka bari sai gobe.