Da gaske ana zuba taya da roba a tanderun narka ƙarfe?

Tambaya: Malam, ina sana'ar tara tsofaffin ƙarafa a Jidda. Na ji an ce masana'antun ƙarfe na zuba tsofaffin tayoyi da roba a tanderu. In haka ne, me ya sa masu awo ke rage mana kuɗi in sun ga datti a kayanmu?

Amsa: Ɗan'uwa, abin da ka ji gaskiya ne, amma masu awon ba su zalunce ka ba.

Masana'antu irin su Hadeed da ke birnin Jubail na Saudiyya suna narka ƙarfe ne da wutar lantarki, zafin tanderun kan kai digiri 1,600. A ciki ana buƙatar gawayi domin kashin maƙera, wato dattin da ke yawo a saman ruwan ƙarfen, ya yi kumfa, ya rufe wutar, zafi ya daina zurarewa. Taya da roba kuwa cike suke da sinadarin gawayi. Farfesa Veena Sahajwalla ta Ostireliya ta nuna za a iya maye gurbin wani kaso na gawayin kwal da su, masana'antu can suka karɓa. Japan ma tun 1996 take hura robar shara cikin manyan tanderunta.

Sai dai wannan robar an tace ta, an niƙa, an auna kafin a hura, ba kamar dattin da ke cikin lodinka ba. PVC, wato robar bututun ruwa, ba a son ta, domin sinadarin kulorin da ke cikinta yana cin injuna, hayaƙinsa kuma guba ne.

Abin da ya fi damuna shi ne jan ƙarfe. Ƙasa da tsatsa suna bin kashin maƙera su fita, shi kuwa in ya narke ya shiga, ya shiga ke nan. Kaɗan ya isa ya sa ƙarfe ya riƙa tsagewa wajen murza shi. Don haka ka cire wayoyi da injinan lantarki (motor) na firji da na injin wanki, masu ɗauke da jan ƙarfe, ka sayar daban. Ai kuɗinsu ma ya fi. Mayen ƙarfe zai taimake ka, ba ya kama jan ƙarfe.

Don Allah kada tukunyar gas ko wani rufaffen mazubi ya shiga lodinka, haka jiƙaƙƙen kaya. In suka haɗu da narkakken ƙarfe fashewa suke yi, kuma akwai bayin Allah tsaye a bakin tanderun.