Malamar makaranta ta ce mu daina yi wa ɗanmu Hausa a gida

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ɗana shekararsa uku da wata huɗu, bana ya shiga nazare. Maganarsa a cakuɗe take, sai ka ji ya ce "Mama ina bag ɗina?" Kuma bai kai 'yar maƙwabtanmu surutu ba, alhali tsararsa ce. Malamarsu ta ce Hausar da muke masa a gida ce ke rikita shi, mu daina. Babansa har ya biya kuɗin wani darasin Turanci na intanet, muna ba shi waya awa biyu kullum. Kakarsa kuma ta ce linzami ne, a kira wanzami. Hankalina ya tashi, kada ya zama ni na cuci yaron nan da bakina. Daga wata uwa a Kaduna.

Amsa: Wa alaikumus salam. Kwantar da hankalinki 'yar'uwa, ba ki cuce shi ba. Sake sauraren jimlar da kika kawo. Bahaushe "jakata" yake cewa, amma idan kalmar baƙuwa ce sai ya jingina ta da "ɗin", kamar yadda muke cewa "cek ɗina". Ba wanda ya zaunar da ɗanki ya koya masa wannan ƙa'ida, ga shi ya yi amfani da ita daidai. Wanda ya rikice ba ya haka. Tun 1980 masaniyar harshe Shana Poplack ta nuna, a bincikenta kan 'yan asalin Puerto Rico mazauna New York, cewa masu sauya harshe a tsakiyar jimla su ne waɗanda suka fi ƙwarewa a harsunan biyu. Kuma ai daga bakinku ya ji. Wa ke cikin gidan da bai taɓa cewa "na yi missing ɗin kiranka" ba?

Yanzu ga maganar malamar nan, wadda ita ce ta fi damuna, don ba ranar da iyaye ba sa zuwa da ita. Tsohuwar magana ce da masana suka binne tuntuni, amma makarantun kuɗi suka tono ta suna sayarwa. A 1923 D. J. Saer ya gwada yara a Wales ya ce masu harshe biyu na karkara sun gaza masu ɗaya a gwajin basira. Irin waɗannan bincike na wancan zamani ba su damu da halin gidan da yaro ya fito ba, sai a gwada ɗan talakan ƙauye da ɗan mai hali, a ɗora wa harshe laifin talauci. A 1962 Elizabeth Peal da Wallace Lambert na Jami'ar McGill suka gwada 'yan shekara 10 a Montreal, suka daidaita matsayin iyaye, sai masu Faransanci da Turanci suka zo gaba. Ba ina cewa harshe biyu na mai da yaro haziƙi ba, wannan har yau ana jayayya a kai. Amma cewa yana dakushe ƙwaƙwalwa, wannan ya faɗi.

Ba sai mun je Kanada ba ma. A 1970 Farfesa Babs Fafunwa da abokan aikinsa na Jami'ar Ife suka fara gwaji a wata firamare a Modakeke: shekara 6 ana koyar da komai da Yarabanci, Turanci kuwa darasi ne guda da ƙwararren malami. Yaran ba su gaza a Turanci ba, sun kuma fi takwarorinsu a darussa da dama. Nijar ta buɗe makarantar gwaji ta Hausa da Faransanci a Damagaram tun 1973. Dalilin a fili yake, kuma masanin koyon harsuna Jim Cummins ya daɗe da bayyana shi: yaron da ya san "rabi", ya san "saboda", ya iya jero labari daga farko zuwa ƙarshe da Hausa, sabon suna kawai zai nema wa abin da Turanci. Cummins ya kuma bambanta Turancin hira, wanda yaro kan kama cikin kamar shekara 2, da Turancin karatu, mai cin shekara 5 zuwa 7. Na farkon shi makaranta ke nuna wa iyaye ranar biki, a yi ta tafi. Na biyun ake tambaya a jarrabawa, kuma a kan tushen gida yake tsayawa.

To idan kika daina Hausa, me zai maye gurbinta? "Come here", "stop it", "eat your food". Uwar da za ta yi tatsuniya da zolaya da faɗa mai dalili ta koma mai ba da umarni da kalma uku-uku. Maganar da yaron ke ji ta ragu, ita ce kuwa abincin harshe. Bayan 'yan shekaru kaka ta yi magana ya tsaya yana kallonta, Turancin ma bai nuna ba. An yi ba a yi ba. Makarantar da ke cin tarar yaro ko ta sa shi durƙuso don ya yi "banakula" ba ta da binciken da za ta dogara da shi, tallar kasuwa ce. Hukuma ma ba ta taimaka ba: manufar ilimi ta Najeriya ta 1977 ta ce a fara da harshen uwa a azuzuwan farko, ba a tanadi isassun littattafai da malamai ba, a 2022 aka ce shekara 6 cur, a Nuwamba 2025 aka soke. Malamar nazare da wanne za ta ji?

Wayar kuwa, a rage. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce ɗan shekara 2 zuwa 4 kada ya wuce awa ɗaya a gaban allo a yini. A 2003 Patricia Kuhl ta sa jarirai 'yan wata 9 a Amurka suka yi zama 12 suna jin Sinanci. Waɗanda mutum ya zauna da su sun koyi bambance sautukan, na gaban bidiyo ba su koyi komai ba. Ɗan shekara uku zai tsinci kalmomi a waya, amma waya ba ta jiran amsarsa. Idan zai kalla, zauna da shi, ki tsayar, ki tambaye shi da Hausa me ya gani.

Saura abin da ya kamata ki auna da gaske. Kada ki gwada shi da 'yar maƙwabta. Ɗauki mako guda kina rubuta kalmominsa na harsunan biyu a haɗe, don wanda ya ƙirga Turanci kaɗai ya zubar da rabin lissafi. A shekarunsa ana son ya haɗa kalma uku ko fiye, ya bi umarni mai gaɓa biyu kamar "ɗauko takalminka ka kai wa Baba", kuma baƙo ya gane yawancin abin da yake faɗa. Jinkirin magana na gaskiya a harsunan biyu yake bayyana, ba a ɗaya ba. Idan ya gaza waɗannan, ko ba ya juyowa in kin kira shi ta baya, ku je sashen kunne, hanci da maƙogwaro na babban asibiti a fara da gwajin ji. Ki gaya wa likita in ya yi shawara mai tsanani yana jariri, ko sanƙarau, ko ƙyanda, ko kunnensa ya taɓa zubar da ruwa.

Ki ba Hajiya kakarsa haƙuri cikin ladabi. Linzami, ko da akwai shi, furucin wasu sautuka yake taɓawa, ba ya hana yaro sanin kalma ko haɗa jimla. Aska a ƙarƙashin harshe kuwa na iya jawo zubar jini da shigar ƙwayar cuta. Likitan da zai duba kunnen, ki ce ya ɗaga harshen ya gani a gabanta.