Madafa ko Kicin? Amsa ga Mai Girki a Hawa na Biyu

Wata baiwar Allah ta rubuto daga Kaduna. Su bakwai ne a wani tsohon benen haya, hawa na biyu, kicin ɗinsu kuwa in ta buɗe firji babu mai wucewa sai ta rufe. Uwar mijinta ta zo daga ƙauye, ta leƙa ta ce, "Wannan ai ba madafa ba ce, akurki ne." Shi ne take tambaya: "Malam, ashe madafa da kicin ba abu ɗaya ba ne? Wanne ne Hausa?"

Malama, yau duka biyun Hausa ne, sai dai ɗaya 'yar gida ce, ɗaya baƙo ne da ya samu wurin zama. Madafa daga "dafa" ta fito, an liƙa mata ma- a gaba, kamar yadda rina ta ba mu marina, ƙera ta ba mu maƙera, karanta ta ba mu makaranta. Wasu madafi suke cewa. To ki lura, kalmar ba ta ce ɗaki ba, wuri kawai ta ce. A gidan gargajiya madafa rumfa ce ko wani lungu a tsakar gida inda aka kafa murhu, duwatsu uku. Aikin abincin ma ba a nan kaɗai yake ba. Turmi yana gindin bishiya ana surfe, mai bakace ta ja faifanta ta koma inda iska take, randa tana inuwa, mai tuƙi tana kan kujera 'yar tsugunno da muciya a hannu, yara na miƙo itace. Gidan ne gaba ɗaya yake girki.

Kicin kuwa aro ne daga Ingilishi, kuma da gininsa ya shigo: barikoki, kwatas ɗin ma'aikatan reluwe da na gwamnati, sannan gidaje masu sauƙin kuɗi irin waɗanda aka gina zamanin Shugaba Shehu Shagari, tsakanin 1979 da 1983. Wanda ya zana ɗakin, mutum ɗaya ya ƙiyasta, a tsaye gaban kanta da ƙaramar tukunya. Bai yi lissafin tuwon mutum bakwai ba, balle taɓarya. Ki gwada daka a hawa na biyu, kafin ki kai luguden farko, na hawan ƙasa ya hauro yana sallama. Saboda haka Inna ba ta yi kuskure ba. Abin da ta sani da suna madafa ba shi aka nuna mata ba.

Kayan wutar ma yawancinsu baƙi ne. Kurfoti na gawayi daga Ingilishi yake, risho kuwa daga Faransanci, daga réchaud. Wadda ta fi ba ni dariya ita ce tukunyar gas: tukunya ce da ba a taɓa dafa ko ƙwai a cikinta ba, siffa kawai Bahaushe ya duba ya raɗa mata suna.

Tambayarta ta biyu: in maigidan ya ga abinci ya yi jinkiri, sai ya tura 'yan matansu uku kicin yana cewa "hannu da yawa maganin ƙazamar miya," alhali in sun shiga sai gwiwar hannu da ɓarin manja. Daidai ya faɗa?

A gaida Alhaji, amma hannuwan da ke cikin wannan karin magana na masu ci ne. Miya ce ba ta yi daɗi ba, mutum ɗaya ba zai iya da ita ba, in aka taru a kan akushi kowa ya kai loma biyu sai a ga ƙarshenta. Daga nan ma'anar ta faɗaɗa zuwa duk wani aiki mara daɗi da taron jama'a ke sauƙaƙawa. Ba a hana shi aronta ba, amma miyar da ke kan wuta ba ta kai ga zama ƙazama ba tukuna.

In kina son abin mayar masa cikin ladabi, ga "daidai ruwa daidai tsaki." Tsakin nan ba na raini ba ne da ake ja da baki. Ɓarzajjen hatsi ne, wanda ke saura a kan rariya bayan tankaɗe, ana dambu ko fate da shi. Ruwa ya yi masa yawa ya tsinke, ya yi kaɗan ya ƙi nuna. Ɗakin mutum ɗaya, mutum ɗaya zai ɗauka. Sauran ukun a shimfiɗa musu tabarma a falo, wannan ta tsinci shinkafa, wannan ta gyara zogale, ƙaramar ta ɓare tafarnuwa, Inna tana gefe tana duba hannun kowa.