Gyaran tsohon gida da faktir ɗin da aka yi wa ƙari

Wani ɗan kasuwa a Maradi ya aiko da tambaya: ya sayi tsohon gida a unguwar Bagalam, zai mai da zauren shago, ciki kuma sito. Aikin na miliyan 7 ne na sefa, amma ɗan kwangilar ya ce zai rubuta masa faktir na miliyan 12 don lanho ya ragu, wai haka ake yi a Turai.

Alhaji, a Turai akwai rangwamen haraji ga mai gyara tsohon gini, wannan gaskiya ne. Faransa tana da dokar Malraux tun 1962. Italiya ta fito da nata a 2020, Superbonus, inda a lokacin gwamnati ke ɗaukar kashi 110 cikin 100 na kuɗin gyara. Da mai gida ya ga ba aljihunsa ne zai yi kuka ba, sai ya daina taya farashi. Magina suka tsawwala, wasu suka rubuta takardun aikin da ko bulo ɗaya ba a ɗora ba, suka sayar wa bankuna haƙƙin rangwamen. A Fabrairun 2023 gwamnati ta toshe wannan cinikin. Dabarar ɗan kwangilarka daga wannan ɓangaren ta fito.

Mu dawo gida mu yi lissafi. In lanhon dunƙule kake biya, wanda ma'aikatan hukumar haraji (DGI) ke kira impôt synthétique, ba a cire kuɗin gyara daga cikinsa, faktir ɗin bai rage maka ko dala ba. In kana kan tsarin riba ta zahiri, harajin riba kashi 30 ne, wato ƙarin miliyan 5 ba zai rage maka fiye da miliyan 1 da rabi ba. Shi ma ba a shekara ɗaya ba: sake rufi, ɗaga bango da zuba dakali ƙarin darajar gini ne, akanta zai raba su kan shekaru. Fenti da toshe yoyo ne ake cirewa nan take.

Ga inda ƙura take. TVA, harajin da ake ɗorawa a kan farashin kaya da aiki, kashi 19 ne, a kan miliyan 5 ɗin ƙarya jaka 950 ke nan. Wa zai biya? Galibi ɗan kwangila ba ya bayyana ta. Ranar da aka gwada takardunka da nasa, a wurinka za a tarar da faktir ɗin, a soke ragin, a ɗora tara. Mai bincike kuma ba sai ya wahala ba: zai tsaya a zauren, ya ƙirga falankin kwano, ya auna bango, ya tambayi inda tan 30 na siminti ya shige a ɗaki uku na ƙasa.

Abin yi kafin a kawo tifar yashi ta farko: ka ɗauki hoton kowane ɗaki, har da tsagar bango da azarar da gara ta ci. Ka karɓi kiyasi a rubuce daga magina biyu ko uku. Siminti, ƙarfe da kwano ka saye su da kanka, da faktir sartifiye, wato mai shaidar DGI, mai lambar haraji (NIF) ta mai sayarwa. Ka biya ta banki, kashi-kashi, bayan kowane mataki ya kammala. Gidajen tsofaffin unguwanni sau da yawa na gado ne, don haka takardar mallaka ta koma sunanka a gaban notai, mai tabbatar da takardu a hukumance, tukuna, in ba haka ba kuɗin gyaran ma a kan ginin wani za a ce ka kashe su. In ɗakin iyali zai kasance a bayan shagon, a raba faktir biyu, don na kasuwanci kaɗai ke shiga lissafi.