Tambayoyinku a kan harshe: manhaja, allo da maganar boko

Assalamu alaikum jama'a. Tambayoyin wannan makon yawanci daga malaman makaranta suka zo, waɗanda yaƙin da ya ɓarke a Sudan a Afrilun 2023 ya raba da azuzuwansu suka koma koyarwa ta waya. Allah ya kawo mana ƙarshen wannan fitina.

Wata ustaza daga Kasala ta rubuto: "Allah gafarta Malam, da ina koyar da lissafi a Khartum, yanzu mu shida ne muke shirya darussa muna tura wa yara. Abokan aikina suna kiran abin nan da ake saukewa a waya manhaja, ni kuma tsarin karatu na sani da wannan sunan. Wanne ne daidai?"

Malama, naki ne na asali, kuma wallahi kin taɓo min inda yake min ƙaiƙayi. Kalmar daga Larabci take, manhaj, wato hanya bayyananniya da ake bi, ke da kike Sudan ba sai na gaya miki ba. Da Bahaushe ya ara ya ce manhaja, abin da yake nufi shi ne tsarin abin da za a koya wa yaro, me zai fara da shi, me zai biyo baya, a ina za a tsaya. Daga baya kafafen labarai suka ɗora ta a kan abin waya da kwamfuta, ta kuma zauna daram, ba zan ce a tumɓuke ta ba tunda harshe na masu magana da shi ne. Amma ku da sana'arku ta haɗa biyun dole ku rarrabe, ku ce manhajar karatu, ku ce manhajar waya. Dalili kuwa, na sha jin matashi yana cewa "ai mun gama manhaja" sai ka bincika ka tarar maɓallai da hotuna ya gama haɗawa, ba wanda ya zauna ya tambayi kansa yaron aji uku da ya shekara biyu bai ga malami ba daga ina za a ɗauko shi. Wannan sakaci da kalma ba ƙaramin abu ba ne, yana sa mutum ya ɗauka kwano shi ne tuwo. Ko dandalin nan na karatu ta intanet, Learning Passport, da UNICEF da ma'aikatar ilimi suka buɗe a Sudan a 2021, darussan manhajar ƙasa aka zuba a ciki, da babu su da fanko ne.

Wani daga Gadarif: "Na koya masa ko na koyar masa?"

Na koya masa lissafi, na koyar da shi. Kada ka gauraya su ɗana.

Wani bawan Allah daga Madani yana tambaya ko gaskiya ne boko daga kalmar Turanci ta littafi, wato book, ta fito.

A'a, duk da an daɗe ana yaɗa hakan har a wasu littattafai. Kalmar Hausa ce tsohuwa mai ma'anar jabu ko abin yaudara, ƙamusun Hausa na Bargery na 1934 ya kawo ta da wannan ma'anar, masanin harshen Hausa Paul Newman kuma ya yi rubutu a kai a 2013. Tuna amaryar boko, wadda ake ɗorawa a gaba a rufe ta ta gaskiya. Kakanninmu da suka saba da ajami haka suka kalli rubutun Nasara. Yau kam zafin kalmar ya huce, kana iya cewa karatun boko ba zagi a ciki.

Wata dattijuwa daga Bur Sudan ta ce jikarta ce take koya mata karanta saƙo a waya, tana so ta ji ko "gemu ba ya hana ilimi" ya haɗa da mata.

Ya haɗa Hajiya, shekaru ake nufi da gemun. Allah ya ba da sa'a, ya yi wa yarinyar albarka.

Sai wani ustaz daga Maiwurno, tambayarsa biyu. Ta farko me za a kira na'urar nan mai faɗi da ake ba yara su yi karatu, ta biyu ma'anar "kowa ya biya allonsa ya wanke", ya ce yana so ya rubuta shi a farkon darussan da yake haɗawa.

Ustaz, ka kira ta allo kawai, in kana tsoron ruɗani ka ce allon lantarki. Allo ɗin ma daga al-lauh yake, Larabawa kuwa jihaz lauhi suke ce wa na'urar, ka ga tushe ɗaya ne, ba mu da buƙatar wahalar da harshen yara da baƙon suna. Kuma kai ɗan Maiwurno ne, garin da mutanen Sarkin Musulmi Attahiru suka kafa bayan yaƙin Burmi na 1903, mutanen da suka taho gabas a ƙafa da allunansu a rataye, wa ya fi ku cancantar riƙe wannan kalma.

Karin maganar kuma, a yau ana jefa shi da ma'anar kowa ya ji da kansa, kowa ya sauke nauyin da ke wuyansa, wannan daidai ne. Amma mutane suna furta "biya" kamar ta kuɗi suke nufi, abin yana damuna ƙwarai. Biya a nan ta karatu ce. Malam ya biya maka, kai ka yi ta maimaitawa, sannan ka dawo ka durƙusa ka biya a gabansa, sai ya ji da kunnensa karatun ya zauna kafin ya ce je ka wanke, a rubuta sabo a yi maka ƙari. A halwa, wato makarantar allo, nan Sudan ma haka shehi yake yi da almajiransa. Yaro ba ya wanke allo don ya gaji da shi.

Shi ya sa nake roƙonka, in za ka sa karin maganar a darussanka ka sa aikinsa ma. Na ga yadda wasu darussan waya suke, yaro ya danna amsa huɗu ya dace da uku sai ƙofar gaba ta buɗe, ba wanda ya ji muryarsa, ba wanda ya lura ko yayarsa ce ta danna masa, ko yunwa yake ji, ko tsoron ƙarar jirgi ne ya hana shi barci jiya. A wurina malami shi ne mai sauraren nan, ilimi kuma abin da ya zauna a ƙirjin yaro har ya fito a ɗabi'arsa, shi ya sa iyayenmu ba sa ambaton ilimi su bar tarbiyya. Na san shabaka, wato intanet, tana wahala, caji ma sai an nemi mai sola, amma saƙon murya na minti ɗaya ba ya cin data sosai. Ka sa kowane yaro ya turo maka karatunsa da bakinsa ko sau ɗaya ne a mako, ka saurara, ka kira sunansa ka gyara masa, sannan ka buɗe masa darasi na gaba.

Mai tambaya a kan bambancin hadda da tilawa, ka yi haƙuri sai mako mai zuwa in Allah ya kai mu.