Daɗin Kowa na da ya fi na yanzu? Ga abin da na gani daga shagon turi

Wa alaikumus salam, ƙanena. Ka tambaya game da Daɗin Kowa, wasan kwaikwayon nan mai dogon zango na tashar Arewa24, ko da gaske na shekarun farko ya fi na baya-bayan nan, ko kuwa mu ne muka girma har komai na da yake yi mana kyau a ido. Amsata ita ce e, na farkon ya fi, amma ba ta wajen da yawancin mutane suke nunawa ba. Kuma ba da tunanin baya kawai nake magana ba. Sana'ata turi ce, na daɗe ina tura wa mutane finafinai a waya da memori a nan Kano, don haka tsofaffin kashin shirin nan sun sha wucewa ta gabana, ina aiki suna tafiya a kwamfuta. Wanda ya kalla sau ɗaya a 2015 abin da ya rage masa a zuciya yake tunawa. Ni kuwa har kwanan nan ina sake ganinsu.

Bari in fara kawar da abin da bai fi ba. Hoto bai fi ba, sauti bai fi ba, haske ma haka. Duk wanda ya ce maka aikin kyamara na da ya fi na yanzu, to ya daɗe bai koma ya duba ba. Sannan a na farkon akwai wuraren da ɗan wasa zai saki labari ya kama jawabi, ka ji kamar ma'aikacin wayar da kai ne ya shigo unguwa da lasifika. Wannan yana da dalili. Tashar Arewa24 a 2014 aka buɗe ta, wata ƙungiya ta Amurka mai suna Equal Access ce ta kafa ta da tallafin gwamnatin ƙasar, kuma manufarta tun farko ita ce zaman lafiya da janye matasa daga tsattsauran ra'ayi. Saƙo yana cikin shirin tun ranar farko, wani lokaci ya narke a cikin labari, wani lokaci ya fito fili ƙarara.

Inda na farkon ya yi zarra shi ne rubutu, kuma a rubutun ma abu guda: garin Daɗin Kowa, wanda shirin ya ci sunansa, shi ne jarumin shirin. Ka tuna abin da muka saba gani a lokacin. Yawancin finafinan Kannywood saurayi ne da budurwa, falo mai manyan kujeru, mota a ƙofar gida, sai waƙa da rawa. Kwatsam sai ga wani shiri da babu fitaccen tauraro a gaba, fuskokin da yawancinmu ba mu sani ba, gidajen ƙasa, lungu, kwata, tabarma a zaure. Ga Ɗantani mai shayi da teburinsa, ga Kamaye da matarsa Adama, ga Malam Nata'ala da almajiransa, ga Kyauta dillaliya tana shiga gida-gida, ga Stephanie Kirista tana zaune cikin jama'a kamar kowa. Babu wanda aka ce shi za a bi, sauran su zama 'yan rakiya. Kowa da nasa ciwon kan, kuma ciwon kan wannan yana taɓa na wancan. Maganar da aka yi a teburin shayi da safe, kafin la'asar ta shiga cikin gida ta haɗa miji da mata faɗa. Haka unguwa take, shi ya sa muka yarda da su. Har yau da yawa daga cikin 'yan wasan nan mutane ba su san sunansu na yanka ba, sunan shirin ne ya bi su. Kuma ba mu kaɗai muka gani ba, a 2016 shirin ya ci kyautar Africa Magic a ɓangaren Hausa.

Abin da ya fi kama ni shi ne yadda marubutan farko ba sa raina ƙaramar matsala. Kuɗin cefane da bai kai ba, bashin da aka ci aka kasa biya, yarinyar da ake so a cire daga makaranta a ɗora mata talla, irin waɗannan su ne ƙashin bayan labarin, kuma ana ba su lokaci su nuna. Mutum zai yi ƙarya yau, ba za a kama shi gobe ba, sai ka kusa mantawa sannan ta dawo masa. Soyayyar Nazir da Alawiyya ma abin da ya sa ta shiga ran mutane shi ne talauci da matsayin iyaye suna tsaye a tsakiya, ba wai kalaman soyayya sun fi na sauran finafinai zaƙi ba. Duk wanda ya taɓa neman aure aka tambaye shi ɗan gidan wane ne ya san wannan ciwon.

Akwai wata dattijuwa da take zuwa shagona, memorin jikanta a ƙulle a bakin zani. Sai ta zauna a benci ta kwance ƙullin a hankali, ta miƙo mini, ta ce, "Ɗan nan, a sa mini na Adama." Ba ta san lambar kashi ba, ba ta ma damu da sunan shirin ba. Tana karɓa za ta fara yi wa Adama faɗa tun kafin ta bar shagon, wai mace ba ta yi wa mijinta haka, sannan ta yi dariya ta ce wallahi akwai irinta a gidansu. Akwai kuma wani direban adaidaita sahu, wanda ya yi almajirci yana yaro. Wata rana ya tsaya jiran wayarsa ana nuna Malam Nata'ala da yaransa a kwamfuta. Sauran mutanen shagon suna ta dariya, shi kuwa ko murmushi bai yi ba. Da zai tafi ya ce mini, "Wanda ya rubuta wannan ya kwana a tsangaya, ko kuma ya zauna da wanda ya kwana." Marigayi Mato Yakubu, wanda ya fito a matsayin Malam Nata'ala, Allah ya jiƙansa, ya iya fito da mutumin nan yadda za ka yi dariya, ka ji haushinsa, kuma ka tausaya masa, duk a zama ɗaya. Ba kowane ɗan wasa ke da wannan baiwa ba, ba kuma kowane rubutu ke ba ta wurin fitowa ba.

Sai kuma zamanin da shirin ya fito a cikinsa, wanda matasa da yawa ba sa sa shi a lissafi. A watan Afrilun 2014 aka sace 'yan matan Chibok. A ƙarshen Nuwamban shekarar aka kai hari babban masallacin Juma'a na Kano da ke kusa da gidan Sarki. Zaɓen 2015 ma sai da aka ɗaga shi daga Fabrairu zuwa ƙarshen Maris saboda tsaro. Ko'ina shingen bincike, mutum yana tsoron maƙwabcinsa, uwa tana tsoron abokan ɗanta. A cikin wannan hali aka kawo mana wani gari a talabijin inda ake maganar yadda ake yaudarar matasa, da shaye-shaye, da zaman banza, da zaman Musulmi da Kirista, da Hausar da muke yi a gida. Abin da ba ma iya faɗa da ƙarfi a majalisa, sai muka ji ana faɗarsa a gabanmu. Nauyin da shirin ya samu daga wannan zamani babu marubucin da zai iya dawo da shi, kuma ba ma fatan abin da ya jawo shi ya dawo.

To me ya faru daga baya? Ni ban yarda da masu cewa lalaci ne ko raina masu kallo ba. Abin da yake cin duk wani shiri da ba shi da ranar ƙarewa ne ya ci shi. Na farko, hali yakan daskare. Da zarar an ga mutane suna son masifar wance ko son kuɗin wane, sai a riƙa kawo wannan halin kowane mako, har mutumin ya tashi daga mutum ya koma hali guda ɗaya mai tafiya. Da can kana kallon Adama ba ka san abin da za ta yi ba. In aka daɗe, tun kafin ta buɗe baki ka san inda za ta dosa. Kamar miya ce da baƙi suke ta ƙaruwa ana ta ƙara mata ruwa: tukunyar ita ce, kayan haɗin su ne, amma ɗanɗanon ya tsinke. Na biyu, mutane suna tafiya. A masana'antarmu mace takan yi aure ta bar fim, wani ya samu wani aikin, wani rashin lafiya, wani kuma rai ya yi halinsa. Dole marubuci ya juya labari ba don labarin ya nemi juyi ba, kuma mai kallo yana jin wannan ɗinkin ko bai san dalili ba. Su kansu marubutan da masu ba da umarni ba su dawwama a kujera ɗaya, wanda ya gaji shiri kuwa ya gaji sunaye ne, ba lallai ya gaji dalilin da ya sa aka ƙirƙire su ba.

Na uku shi ne kishiyoyi. Lokacin da aka fara, Daɗin Kowa kusan shi kaɗai ne a fili. Har zuwa sanda aka koma kiransa Sabon Salo bai da wani abokin karawa na a zo a gani. Amma daga 2019 sai ga Kwana Casa'in a tashar da kanta, da siyasa da makirci da saurin labari. A 2020 ga Labarina, ga Izzar So a YouTube, daga nan kuma finafinai masu dogon zango suka cika ko'ina. Waɗannan sun koya wa mai kallo jiran tashin hankali a ƙarshen kowane kashi. Shirin da ƙarfinsa yake cikin tafiyar hawainiya da hirar zaure sai ya shiga tsaka mai wuya: in ya tsaya yadda yake a ce ya yi sanyi, in ya ƙara wuta ya daina kama da kansa. A shago na ga wannan sauyin da idona, domin samarin da da suke cewa a tura musu na wannan makon, sai suka koma tambayar wasu, aka bar mini iyaye mata da dattawa a kan Daɗin Kowa.

Ɓangaren tambayarka na biyu ma yana da gaskiyarsa, sai dai ni ba girma nake ɗora wa ba, yadda muke kallo ne ya canja. Da can gida ɗaya ne mai dish a layi, in babu wuta a haɗa kuɗin mai a tayar da janareta, yara a ƙasa, mata a kan tabarma, maza a bakin ƙofa suna cewa su ba kallo suke ba alhali ba su tashi. Ana gamawa a kama musu, gobe a ci gaba a wajen aiki. Rabin daɗin a wannan musun yake. Yanzu kowa da wayarsa da abin kunnensa, in wuri ya yi masa tsawo ya ja gaba da yatsa, wani ma guntayen da ake yankowa a TikTok kawai yake gani ya ce ya kalla. Ko kashi na ɗaya na 2015 aka ba ka ka kalla a haka, ba zai yi maka daɗin da ya yi maka a tsakar gida ba. Iyayenmu ma haka suka riƙa ce mana babu kamar Samanja na marigayi Usman Baba Pategi da wasannin marigayi Kasimu Yero a talabijin ta Kaduna. Suna da hujja, gwanaye ne na gaske, amma har da zaman da aka yi aka kalle su suke kewa.

In kana so ka raba wa kanka gardama, kada ka dogara da guntaye. Ɗauki kashi uku a jere daga farkon shirin, da uku a jere daga na baya, ka kalle su ba tare da ja gaba ba. Kada ka duba kyan hoto. Bayan kwana biyu ka tambayi kanka matsalar wa ce ta biyo ka har wajen aiki, wa ka samu kanka kana yi wa addu'a ko kana jin haushi kamar ɗan unguwarku. Ni duk sanda na yi haka, mutanen farkon ne suke biyo ni.

Ban cire rai da shirin ba, kuma ba na cikin masu cewa a rufe shi. Garin da aka gina yana nan, kuma Kano ta yau ba ta rasa abin faɗa ba. Mun ga wahalar canjin kuɗi a farkon 2023, mutum da kuɗinsa a banki ya kwana da yunwa. Mun ga abin da cire tallafin mai a watan Mayun shekarar ya yi wa magidanci. Ga ƙwacen waya, ga masu gudun hijira daga ƙauyukan da 'yan bindiga suka tasa, ga yaran da suka koma neman suna a waya ko ta halin ƙaƙa. Duk sanda shirin ya taɓo irin waɗannan ta kan talaka guda ɗaya da iyalinsa, nan take nake jin tsohon ƙarfinsa. Abin da nake roƙon marubutan shi ne su bar mutanen garin su tsufa kamar yadda muka tsufa. Yaran da muka sani suna ƙanana yanzu sun isa aure da neman sana'a, a ba su labarin a hannu. Mai masifa a bar ta ta yi rashin da zai sanyaya ta, mai son kuɗi a bar shi ya gamu da abin da kuɗi ba ya saye, mai shayi kuma a nuna mana yadda yake lissafin sukari da madara da burodi a wannan tsadar, da wanda yake ci gaba da ba bashi da wanda ya daina ba.