Amsar tambayarka, daga Zangon Kumasi

Yaya, tun ranar da ka tare ni a majalisarku ta gindin darbejiya can ƙauyenku na bayan Ringim kana cewa wai mu Hausawan Gana ai mun zama Tonawa, me ma muka sani na gida, maganar tana raina, hidimar biki ce ta hana ni ba ka amsa.

Kakanmu fataucin goro ya kai shi Gwanja, daga nan ya gangaro Kumasi, ni kuwa a Zango aka yanke min cibiya. Tonanci a kasuwa, Turanci a boko, Hausa a gida. Kuma in ka cire makarantar allo wallahi rediyo ce ta riƙe mana ita. BBC ta buɗe sashen Hausa a 1957, shekarar da Gana ta samu 'yancin kai, na Jamus ya biyo a 1963. Shirin safen da kuke ji shida da rabi mu biyar da rabi yake samunmu, Baba ya dawo masallaci ga kokonsa ga ƙosai ga 'yar rediyo manne a kunne, ko tari ba mai yi.

Yanzu kuma waya ta karɓe. Ka dai ji yadda yaranku suka dinga ƙyaƙyata wa 'yata da ta ce "Amina ya zo", to mu haka muke faɗa, mace da namiji duk "ya" ne, amma tunda yaranmu suka kama kallon finafinan Kano a YouTube da TikTok har kakarsu suke wa gyaran Hausa, ita ko ta ce su tafi can su ba ta wuri. Ni dai abin bai min daɗi ba, tamu ma ai ba tsintarta muka yi ba.

Siyasarku kuwa tas muka san ta, jar hula, rigimar masarautar Kano, har musu ake a shagon aski kamar da mu za a kaɗa ƙuri'ar. Kai fa sai da ka tambaye ni waye shugabanmu! Mahama ne, ya kayar da Bawumia a zaɓen 2024, kuma kar ka ce don Bawumia Musulmi ne Zango duk shi ta yi, tsofaffinmu har gobe ba su manta korar baƙin da gwamnatin Busia ta yi a 1969 ba, jam'iyyar Bawumia kuwa ita ce magajiyar ta Busia. Wannan kam in ka shigo Kumasi Hajiya za ta ba ka labarinsa da bakinta, ƙannenta biyu ta raka tasha.